Sawun da Ya Hau Kan Kofato

"Ba zan sa hannu ba, Ciyaman."

Ciyaman Joel ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Shi ne shugaban kwamitin tsaro na unguwarmu, Gangaren Dutse, a gefen garin Zuru. Ni ce sakatariya, ni ke rubuta rahoto. Takardar da ya turo gabana layi huɗu ce kacal. Ta ce an bi sawun shanun Mama Rebecca har rugar Muntaka, an kuma tabbatar shi ne ɓarawon.

"Larai, ba shawararki na nema ba. Ga biro."

"Wa ya bi sawun?"

"Kowa ya gani."

"Kowa ba mai bin sawu ba ne. Mai bin sawu ɗaya ne a unguwar nan, babana, kuma ba a kira shi ba."

A shekarar sata ta ishe mu. Awaki, babura, injin ban-ruwa, daga baya shanu. Gwamnati ta yi alkawari a rediyo cewa za ta kawo ƙarshen abin, duk wanda aka kama zai fuskanci shari'a ko ɗan wane ne. Aka kafa kwamitoci, aka raba mana riguna masu ƙyalli da usur. Na gaskata. Ina da difloma a fannin shari'a, na ƙi aikin kanti a Birnin Kebbi na zauna a gida saboda wannan alkawari. Wata shida muka yi ba mu kama ko ɓarawon kaza ba. Ga shi ranar Juma'a wani babban baƙo zai zo ya ga aikinmu.

Muntaka makiyayi ne, shekara goma sha ɗaya rugarsa tana bayan rafi. Tun ranar Lahadi yana kulle a ɗakin ajiya na ofishinmu. Na san abin da sa hannuna zai jawo masa. Lokacin da nake koyon aiki a kotu na ga mutane masu jiran shari'a waɗanda suka shiga da baƙin gashi, har furfura ta fito ba a kira sunansu ba.

"Ina ba ki zuwa safiyar Juma'a," in ji Ciyaman. "Ki tuna a watan Disamba za ki shigo gidanmu. Ba a fara zaman aure da taurin kai."

Japhet, wanda zan aura, mai kaɗa ganga a cocinmu, ɗan ƙanwarsa ne.

*

Babana, Kofur Dodo, tsohon soja ne. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Shekara huɗu ke nan ni ce idonsa: in faɗi abin da na gani, shi kuma ya durƙusa ya shafa ƙasa da yatsu ya faɗi abin da ya faru.

Da la'asar ɗin Litinin muka isa gidan Mama Rebecca. Mijinta soja ne, ya tafi aiki bai dawo ba. Shanun huɗa biyu ya bar mata, ja da fari, da su take noman da take ciyar da 'ya'ya huɗu. Muka same ta zaune kusa da turke, karkiya a jingine da bango.

"Muna coci, Baba Kofur," ta ce. "Ana tsakiyar wa'azi. Da muka taso na zo ba su."

"Igiyar an yanke ta?"

Na duba. "An kwance ta, Baba. Har an naɗe ta an rataye."

"Ɓarawo mai tsabta," in ji shi. "Wa ke yi miki huɗa da su?"

"Samarin coci, bi da bi. Allah ya saka musu. Su ne ma suka bi sawu har rugar." Ta share ido da gefen zani. "Kullum matarsa Indo na kawo mini nono. Ashe ƙirga mini shanu take yi."

Maƙwabta sun taru a ƙofar gida. Maganarsu ɗaya: wa ba ya coci ranar Lahadi? Wa ke sa farin takalmin roba irin na makiyaya? Ga sawunsa nan kowa ya gani. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa ta ga Yusha'u mahauci makon jiya yana shafa tozon jan san yana tambaya ko na sayarwa ne.

An yi ruwa ranar Asabar, ƙasa da laushi. Amma daga turke zuwa bakin hanya samari sun tattake komai. Sai da muka gangara gefen rafi muka sami wurin da ba a ɓata ba. Baba ya durƙusa.

"Me kike gani?"

"Kofato biyu-biyu, gefe da gefe. Tazararsu ba ta canzawa. Da takalmin roba, mutum ɗaya."

"Wanne ke sama?"

"Ban gane ba."

"Ke da diflomarki. Sa ne ya taka sawun mutum, ko mutum ne ya taka sawun sa?"

Na sunkuya sosai. Zanen takalmin ya fito tsaf a cikin ramin kofato, ya danne gefensa. Na duba na gaba, da na gabansa. Duk haka.

"Mutum ne a sama, Baba."

Ya murza ƙasa a yatsunsa. "Kin taɓa ganin Muntaka zai kai shanu rafi?"

"Kullum."

"A ina yake tafiya?"

Sai na gan shi a zuciyata, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, yana gaba yana kira, garke na biye da shi.

"Makiyayi gaba yake shiga," in ji Baba. "Shanunsa su share masa sawu. Wanda ke bin bayan shanu biyu a jere, manomi ne. Ya sayi takalmin makiyayi, amma bai sayi tafiyarsa ba."

*

Ranar Talata muka je wurin Yusha'u. Yana fiɗa a rumfarsa, da ya hango mu ya ɗaga wuƙa sama yana dariya.

"Kofur! An ce ni ma ina cikin lissafi. To ga fatu nan, 'yar boko ta duba ko akwai ja."

Na duba. Na akuya ne duk, sai ta wata tsohuwar saniya baƙa.

"Ka taya jan san?" in ji Baba.

"Na taya. Ni ko limamin cocinku na gani da ƙiba sai na taya. Sana'ata ke nan." Ya goge hannu a riga. "Amma Kofur, san huɗa biyu? In yanka su a garin nan a ɓoye? Ƙudaje ma sai sun kai ƙara. Ranar Lahadi ina Ribah wurin suna, mutum hamsin sun ci tuwo da ni."

Daga nan muka koma ofis. Ta taga na yi magana da Muntaka, don makullin yana aljihun Ciyaman. Leɓensa ya kumbura, ido ɗaya a rufe.

"Malama, mi na yi musu?" ya ce. "Ɗiyan Mama Rebecca da nonon shanuna suka girma."

"Takalminka aka gani."

"Takalmin da ake zubawa a tabarma ranar kasuwa? Kowa na iya saye."

"Ranar Lahadi da hantsi kana ina?"

"Bayan dutse, da garke. Shaidata shanu ne, su kuwa ba su magana." Ya kama ƙarfen tagar. "An ce takarda za ki rubuta. In kin rubuta, shi ke nan?"

"Ban rubuta ba."

"Amma za a matsa miki."

"An fara," na ce.

A bakin ofis Indo na zaune a ƙasa da ƙwaryar fura da aka hana ta shigar masa da ita. Na karɓa na miƙa ta taga. 'Yan kwamiti biyu suka bi ni da kallo, ɗaya ya tofar da yawu.

*

Da yamma Japhet ya zo gida a kan babur ɗinsa na kabu-kabu. Ya gaida Baba a durƙushe kamar kullum. Damina uku ya yi yana golmo a gonarmu, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Mutane da yawa sun daina, amma Baba ya ce ko digiri goma gare ni sai an yi. A damina ta biyu fartanya ta sare shi a ƙafar hagu. Ni na wanke ciwon, ni na ɗaure. Tun daga nan yake ɗan karkatar da ƙafar waje in yana tafiya, ba ya sauke diddige sosai. Nakan tsokane shi cewa ko cikin kasuwa na san inda ya bi.

Muka zauna a gindin mangwaro.

"Lauya," ya ce, sunan da yake kirana ke nan. "Kawu ya ce kin ƙi."

"Na ƙi."

"Layi huɗu ne fa. In bai yi ba, kotu za ta sake shi."

"Yaushe?"

Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton ɗakin da yake gina mana. An buga sabon kwano, yana ƙyalli.

"Wancan makon ka ce sai bayan girbi za a rufa," na ce.

"Allah ya buɗa hanya." Ya yi murmushi. "Ki bar Baba ya huta, rana na dukansa a banza. Ki yi wannan saboda ni."

"Ranar Lahadi ban ji gangarka a coci ba."

"Na kai fasinja Kanya. Ai na faɗa miki."

Ya faɗa mini, gaskiya ne. Na raka shi bakin hanya, har na ɗaga masa hannu.

*

Ranar Laraba hadari ya haɗu tun da safe. Baba ya ce mu yi sauri. Ranar Lahadi samari sun tsaya a inda sawu ya zo daf da rugar, don abin da suke nema ke nan. Mu muka wuce. Sawun bai shiga rugar ba. Ya bi gefen shingen ƙaya, ya yi kwana mai kyau irin wadda shanu ke yi a ƙarshen kunya, ya ratsa fadama, ya ɓulla jar hanya. A nan kofato ya ƙare, tayar babbar mota ta fara.

A fadamar ne laka ta riƙe sawu cikakke, kamar an zana. Na tsuguna zan fara bayani.

"Dama daidai take," na ce. "Hagu kuma..."

Na tsaya.

"Hagu me?"

Yatsun sun karkata waje. Diddige bai nutse ba. Na duba na gaba ko laka ce ta zame. Na duba goma. Na bi su da rarrafe har gwiwoyina suka yi baƙi, ina neman guda ɗaya da zai ƙaryata ni. Damina biyu ina ganin wannan sawu tsakanin kunyoyin dawarmu, ina taka shi da gangan in na kai abinci gona.

Baba ya lalubo wurin da kansa. Ya daɗe yatsunsa na cikin ramin. Da ya ɗago, fuskarsa ta tsufa.

"Ni idona ba ya gani," ya ce a hankali. "Kowa ya sani. In kin ce ba ki ga komai ba, ba wanda zai ce kin gani."

"Kai fa?"

"Ni ubanki ne."

"Shi ya sa ba zan iya ba," na ce. "Ba ni adda."

Muka yanko lakar da sawun hagu a cikinta, kofato a ƙasa takalmi a sama, muka ɗora a faranti. Na rufe da ɗankwalina. Kafin mu kai gida ruwa ya sauko ya wanke sauran.

Ranar Alhamis na je wurin Ciyaman ni kaɗai, don ina ganin girmansa. Na ce masa a saki Muntaka, sawu ya nuna manomi ne, kuma na gida. Ban faɗi suna ba. Bai tambaye ni suna ba. Wannan ne ya nuna mini ya riga ya sani. Ya dai dube ni ya ce, "Shanu sun riga sun tafi, Larai. Wa kike so ki ƙona, naki ko na wasu?"

*

Ranar Juma'a aka kafa rumfa a filin makaranta. Kujeru, lasifika, matan zumuntar coci da ganguna. Babban baƙo ya iso da motoci uku. Aka fito da Muntaka da igiya a hannu aka zaunar da shi a rana. Ciyaman ya yi jawabi, sannan ya ce sakatariya za ta karanta rahoto.

Na miƙe. "Babu rahoto, ranka ya daɗe. Akwai mai bin sawu, yana roƙon minti goma."

Baba ya fito da tsohuwar hularsa ta soja, ya ƙame ya sara. Baƙon ya ji daɗin abin, ya ce a bar shi.

Tun da safe mun share gefen filin mun yayyafa ruwa, mun aro shanun huɗa biyu. Baba ya ce abu ne mai sauƙi: kowa ya kai shanun nan daga bishiya zuwa tuta.

Aka kwance Muntaka. Ya shiga gabansu, ya yi musu wani sauti da harshe, ya kama tafiya bai waiwaya ba. Suka bi shi. Na nuna wa baƙon ƙasa: kofato ya tattake sawunsa duka.

Yusha'u ya ce shi ma a gwada shi, kada a ci gaba da yi masa kallon ɓarawo. Ya kama igiya ya tsaya a gefe yana ja yana zagin kakannin shanun. Mutane suka yi dariya.

"Saura ɗan kwamiti ɗaya, don adalci," in ji Baba. "Japhet, ɗana, zo."

Japhet ya fito da rigarsa mai ƙyalli yana murmushi. Bai san abin da muke dubawa ba. Ya daidaita shanun gefe da gefe, ya koma bayansu, ya ɗaga tsumagiya ya ce, "Haa!" Suka tafi a jere kamar an ɗaura musu garma.

Na ɗauko farantin na buɗe, na ajiye kusa da sabon sawunsa.

"Wannan daga fadama muka yanko shi, a hanyar da aka bi da shanun Mama Rebecca. Mutum a sama, kofato a ƙasa. Wanda ya kore su a baya yake tafiya, manomi ne. Ku dubi ƙafar hagu."

"Larai!" in ji Ciyaman. "Ki san abin da za ki faɗa."

"Na sani, Kawu. Ni na ɗaure ciwon da ya karkatar da ƙafar nan. Sawun Japhet ne."

Ganga ta faɗi daga hannun wata mata. Mama Rebecca ta taso ta zo ta tsaya a kan farantin, ta dube shi, ta dubi Japhet.

"Kai ka naɗe mini igiya ka rataye?" ta ce. "Kamar yadda kake yi in ka gama huɗa?"

Da ya yi gardama, wataƙila da wasu sun bi bayansa. Bai yi ba. Ni ya juyo ya kalla, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗakinki na rufa da su," ya ce. "Ke na yi wa."

"Ba ka tambaye ni ba," na ce. "Da na zauna a ƙarƙashin rufin ciyawa."

Baƙon ya tafa. Ya karɓi lasifika ya ce wannan shi ne irin aikin da ake so, kuma alkawari na nan daram: doka ba ta da ɗan gida. Aka ɗauke mu hoto da shi, ni da Baba da farantin. Aka sa Japhet a bayan mota.

*

Ranar Lahadi ta biyu na shiga coci na tarar da shi a kan gangarsa.

An ce magana ce ta cikin gida, dattawa sun sasanta. Ba wanda ya tambayi motar wa ta ɗauki shanun, ko wa ya san direban. Na rubuta takarda uku zuwa ofishin baƙon nan, na kai ɗaya da ƙafata har Birnin Kebbi. Aka ce in dawo wani mako. Farantin da na bari a matsayin shaida, an ce mai shara ya zubar da lakar ya wanke shi. A rediyo kuwa na ji an yaba wa kwamitin Gangaren Dutse da shugabansa.

Takardar sallamata layi biyu ce, ta ce ba ni da ladabi. Ciyaman da kansa ya sa hannu, bai nemi biron kowa ba.

Muntaka ya kwana a gidansa daren Juma'ar nan. Bayan wata ɗaya ya tashi rugarsa ya nufi wajen Bena, ya ce wurin da aka ɗaure shi sau ɗaya za a iya sakewa. Indo ta biyo ta gidanmu da ƙwaryar man shanu, ta ajiye, ta riƙe hannuna, ta tafi. Shanun Mama Rebecca ba su dawo ba. Da fartanya muka yi mata noman bana, ni da ita da Baba, yana laluben kunya da ƙafa.

A coci nakan zauna a bencina ni kaɗai. Matan da suka yi mini alkawarin rawa a Disamba suna gaishe ni da ka. Wasu na cewa boko ne ya cinye mini zuciya, tunda na iya tona wanda ya yi wa ubana noma damina uku. Ba na sunkuyar da kai in na wuce su. In an sake turo mini takardar nan gobe, amsata ba za ta canza ba.

Amma kada wani ya ce mini abin ya zo da sauƙi. Na rasa aikina. Na rasa mijin da nake so, kuma har yau in na ga sawunsa a hanyar rafi ƙirjina na bugawa kafin in tuna. Na rasa yardar da na yi wa alkawarin da ya riƙe ni a gida. Abin da na samu shi ne mutum ɗaya da bai yi sata ba yana kiwon shanunsa a wani wuri, ba ya gidan yari. Ɗakin mai sabon kwano yana nan a kan hanyarmu ta gona. A watan Disamba wata ce ta shiga.